Wasiƙar da Ke Akwatin Baba

Ranar da ya fara shigowa ofishin ko sallamar kirki bai yi ba. Auta tana zaune a teburinta na amsa ƙorafi, kusa da injin ruwan sanyi da ya fi kowa surutu a wurin, sai ga dogon saurayi da ƙurar alli a hannun rigarsa. Ya ajiye takardar shaidar mutuwa a gabanta, kai ka ce ita ta kashe mamacin.

Kamfaninsu ƙarami ne, aikinsa guda: imel mai kulle, wanda ba mai iya karantawa sai mai akwatin. Masu ƙorafi rubutowa suke yi. Wannan malamin makarantar ya rubuto sau tara, ita ta amsa masa sau tara, yau kuma ya tako da ƙafarsa.

Mahaifinsa direban babbar mota ne, duk mako yakan rubuto wa matarsa wasiƙa daga hanya ta imel ɗin kamfanin nan, ɗan ya karanta mata. A wayarsu ta ƙarshe ya ce mata ya fara wata, ta yi tsawo, sai ya sauka zai ƙarasa. Bai sauka ba. Kalmar sirrin kuma ta tafi tare da shi.

"Ba hana ka nake yi ba, Malam," in ji Auta. "Mu ma ba mu da makullin. Haka aka gina shi."

"To wa kuke yi wa gadi, tunda mai kayan ya mutu?"

Ta tsiyayo masa ruwa, ya karɓa, ruwan ya zubo har ya jiƙa takardar. Ita kuwa, da ta saba sallamar mutum da layi biyu, ta tsinci kanta tana goge masa takarda da gefen mayafinta.

Washegari ƙorafi na goma ya iso: "Ba akwati na zo nema ba yau. Haƙuri na zo bayarwa. Jiya na yi miki tsawa a kan abin da ba laifinki ba."

Ta amsa: "An karɓi ƙorafinka, Mai Ƙorafi. Ka ci abinci kuwa?"

Daga nan sunan ya bi shi. Shi kuma ya raɗa mata Makulli. Wasiƙu suka yi ta kai da komo, dogaye, irin waɗanda ake karantawa sau biyu kafin a amsa. Zuciya ba ta da ƙashi. Kafin wata huɗu Auta ta san sunayen ɗalibansa marasa ji, shi kuma ya san ba ta shan shayi sai ya huce.

Ana cikin haka ofis ya rabu biyu. Injiniyan kamfanin, wanda ya daɗe yana yi wa Auta kallon da bai taɓa fassarawa da baki ba, ya gina manhajar hira mai kulle, ya ce zamanin wasiƙa ya wuce, in ba su ƙara hira ba masu hulɗa za su gudu. Abin alfaharinsa shi ne duk saƙo yana goge kansa kwana ɗaya bayan aikawa. Manaja ta ce a gwada wata biyu kafin a yanke, kowane ma'aikaci ya jawo mutum ɗaya. Auta ta jawo Mai Ƙorafi.

"Makullina, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Yau ba ƙorafi?"

"Akwai. Na yi kewarki."

Daɗin hirar ya sa suka bar wasiƙa, ba su ma lura ba.

Ranar da ya kai ta gaida mahaifiyarsa, Umma ta amsa gaisuwa da fara'a, har ta sa aka kunna mata fanka. Sai ta tambayi inda take aiki. Da ta ji, fuskarta ta rufe kamar ƙofar shago. Ta dubi ɗanta, ba ta dubi baƙuwar ba.

"Ita ce ta hana ni maganar babanka?"

Ya fara bayani, ta ɗaga hannu. Ta ce ba ta san kwamfuta ba, amma ta san wanda ya ce mata a'a ranar da take kuka. Matan duniya ba su ƙare ba, ya nemo wata. Auta ta fito takalminta a hannu, sai a bakin titi ta tuna ta saka.

Ya biyo ta har tashar mota, ta ce masa ya koma ya zauna da mahaifiyarsa, duk abin da suka yanke ya faɗa mata, ko mai ɗaci ne. Idan kuma ta ji shiru, ta gane.

Da yammacin nan yayarta ta fara naƙuda mai wuya. Kwana biyu Auta tana kan bencin asibiti, wayarta a mace cikin jaka. Da aka sauka lafiya ta sa caji, ta buɗe manhajar hira. Fili fetal, ko ɗigo babu. Ta rufe, ta sake buɗewa. Sannan ta shiga banɗakin asibitin ta yi kukan da ba ta so mai jego ta ji.

Shiru ma magana ce, in ji masu iya magana, kuma ita da bakinta ta ba shi wannan hanyar. Ba ta kira ba. Shi ma bai kira ba. Mako uku tana amsa ƙorafin mutane da ladabi, tana rama, siket na juya mata a ƙugu. Injiniya ya riƙa ajiye mata shayi a tebur, yana tambaya ko lafiya, tana cewa lafiya. Ta lura ba ya iya haɗa ido da ita, ta ɗauka kunyar so ce.

Ranar yanke shawara aka taru a ɗakin taro. Injiniya ya haska rahotonsa a bango, ya yi ta yabon manhajarsa, har ya iso layin ƙarshe, muryarsa ta yi ƙasa. Saƙo ɗaya, in ji shi, ya goge ba a karanta ba, amma manhajar ta nuna wa mai aikawa cewa an gani, saboda akwatin a buɗe yake a kwamfutar ofis. Kuskuren gini ne. Ya faɗi ranar, ya faɗi sa'ar. Sannan ya dubi Auta.

"Naki ne. Tun ranar na sani. Ki yafe min."

Ta tambaye shi abin da saƙon ya ce, ita da ta fi kowa sanin amsar. Ya ce ba su da makullin. Sai a lokacin ta ji nauyin kalmar da ta daɗe tana faɗa wa mutane, ta ji yadda take sauka a ƙirji.

Manaja ta nemi ra'ayinta. Ta share ido ta ce a ƙara hirar, mutane suna so, ita ma ta so. Amma kada saƙo ya goge sai an karanta shi. Kuma duk mai buɗe akwati a tambaye shi tun yana da rai ko akwai wanda yake so ya bar wa makulli. Aka yi ta gardama har azahar, aka amince da duka biyun.

Ta koma teburinta ta rubuta wasiƙa, irin ta da: "Mai Ƙorafi, ban ga saƙonka ba. Wallahi ban gani ba. Ko me ka ce, sake faɗa min."

Kafin shayinta ya huce amsa ta zo: "Cewa na yi: Umma ba ta yarda ba tukuna, ni kuma ban fasa ba. Ki jira ni. Na ga alamar kin karanta kin yi shiru, na ce kin gaji da mu. Mako uku ban koyar da abin kirki ba, Makullina."

Wannan karon ita kaɗai ta je wurin Umma. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ba a ce ta shigo ba, ba a kuma kore ta ba. Ta ce ba ta zo da wasiƙar ba, ba za ta taɓa iya zuwa da ita ba, ƙarya ce ba za ta yi wa uwa ba. Amma akwai abin da ba ta faɗa wa kowa ba. Dokar kamfani ita ce duk akwatin da ya shekara ba a buɗe ba a share shi. Tun ranar da ɗan Umma ya zo ofishinsu, ta bi Manaja har aka cire akwatin Baba daga wannan dokar. Abin da ke ciki ba ya ganuwa, amma ana ganin girmansa da lokacinsa.

Umma ta ɗago kai ta dube ta.

"Tana nan, kenan?"

"Tana nan, Umma. Da safiyar ranar da ya rasu ya ƙara rubutu a cikinta, ƙarfe bakwai da minti goma. Ta fi duk waɗanda ya taɓa aiko miki tsawo."

"Bakwai da minti goma," in ji Umma a hankali. "Lokacin shayinsa ne. Ashe ni yake tunani."

Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai tsawo, Auta na durƙushe tana taya ta. Da ta lafa, ta matsa gefe a kan tabarma ta ce, "Shigo, 'yata, ƙasan nan da sanyi."

Bayan wata uku aka ɗaura aure, ba tare da wani taron a zo a gani ba. Injiniya ya zo, ya yi wa ango murna, ya tafi da wuri. Da aka watse, ango ya miƙa wa amarya 'yar takarda a ninke, kalmar sirrinsa ce da rubutun hannunsa. Ita ma ta ciro tata daga jaka, don ta riga shi tunani.

Umma ta haɗa hannayensu da takardun a ciki, ta riƙe gam.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Abin da ke ranku ku faɗa wa juna tun da safe, kada ku ce sai kun sauka."

Suka ce amin. Wasiƙar Baba kuwa tana nan a akwatinta, ba wanda ya karanta, ba kuma wanda zai goge.