Jakar Da Guguwa Ta Manta

"Maganin mene ne wannan?"

Guguwa ta tsaya cak a ƙofar falo, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a waje. Ɗazun nan ta zo gaida mahaifiyar Auta, saurayin da za ta aura, ta tafi ta bar jakarta. Halinta ne, ba banza aka laƙa mata Guguwa ba. Yanzu ga jakar an zazzage ta tas a kan tebur: jan baki, burushin kwalliyar amare da take sana'a da shi, wayarta, da kwalin magani biyu an ware su gefe.

"Da ke nake," in ji Mama, mahaifiyar Auta.

Gimbiya, 'yar ƙanwar Mama, ta gyara zama. A kemis take aiki, kuma ta daɗe da ɗaura wa kanta aure da Auta a zuci, shi ne dai bai samu labari ba.

"Ai na gaya miki, Mama. Na asibitin ƙwaƙwalwa ne. Na mahaukata!"

Auta yana kujerar kusurwa, ya ƙura wa kafet ido kamar yau aka shimfiɗa shi. Shi ne fa ya roƙi Guguwa ta ɓoye zancen lalurarta sai bayan biki, wai Mama ba za ta gane ba. So ya sa ta amince.

Ƙirjin Guguwa ya fara dukan nan da ta sani. Ta ja numfashi a hankali yadda likita ya koya mata, ta cire ɗaya takalmin ta shigo.

"Nawa ne, Mama. Wannan na tattara hankali ne. ADHD likita ya kira abin, hankalina ba ya zama wuri ɗaya. Wancan na fargaba ne, sau da yawa tare suke zuwa. Akwai na uku da ba shi da ƙwaya: karatu yana ba ni wuya, haruffa cakuɗe min suke."

"Kin ji ko!" Gimbiya ta tafa hannu. "Ko karatu..."

"Na sha bulala a makaranta a kan haka," Guguwa ta katse ta. "An ce min daƙiƙiya, an ce min malalaciya, har na yarda, na daina fita, na daina cin abinci. Ranar da likita ya faɗa min sunan abin, kukan daɗi na yi. Ba ke za ki mayar da ni can ba!"

Mama ta haɗe rai. "Ni ba wannan ya dame ni ba. Yaudarar ɗana da kika yi."

Guguwa ta juya ta dubi Auta.

"Ka yi magana mana..."

Shiru.

Wannan shirun ya fi kalmar Gimbiya zafi. Hawaye ya taru, ta hana shi zuba.

Sai wayarta ta ɗauki ƙara a kan tebur. Ƙararrawar tunin shan magani ce, kuma da yake rubutu ba ya mata amfani, murya aka naɗa mata. Muryar Auta ta cika falon:

"Guguwata, lokaci ya yi. Ki sha maganinki, ki sha ruwa da yawa. Ina son ki a yadda kike."

Mama ta juya a hankali ta dubi autanta.

Guguwa ba ta kashe wayar ba, ta bar ta ta maimaita. Ta ɓalle ƙwaya ɗaya, ta ɗauki kofin ruwan da ke gaban Gimbiya, ta haɗiye a gaban kowa.

"A waya kana da baki," ta ce masa. "Ni kuwa na gama ɓuya. Ba zan auri wanda zai so ni a asirce ba."

Ta fice fuuu!

Ta bar jakar, mana.

Auta ya miƙe ya fara tattara kayan.

"Ina za ka?" in ji Mama.

"Mama, ki yafe min. Tun farkon haɗuwarmu ta gaya min komai. Ni na ce ta ɓoye, ni ne matsoracin. Ita nake so, kuma ko asibiti za ta, ni zan raka ta."

A bakin titi ya cim mata, tana ta lalube kafaɗa tana neman jaka.

"Me ka ce musu?" ta tambaya, ba ta ko kalle shi ba.

"Duka, masoyiya."

"Da ƙarfi?"

"Har maƙwabta sun ji."

Ta fizge jakar, dariya da kuka suka kufce mata tare.

An yi bikin, Gimbiya ta ce ciwon kai ya hana ta zuwa. Mama ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ba irinta ba ce. Amma duk ranar da Guguwa ta zo gaisuwa ta tashi tafiya, sai ta tarar da surukarta tsaye a bakin ƙofa, fuska a ɗaure, hannu a miƙe.

"Ke 'yar nan, jakarki. Kin dai sha maganin?"