Harafi Ɗaya a Kan Siminti

Tani mai fura ce ta fara ganinsa. Ta biyo ta gaban siton ƙungiyar manoman rani a Rurum Tsohon Gari, ana dab da kiran la'asar, sai ta ga ƙofa a buɗe, ƙafafun mutum a miƙe daga ciki. Malam Haliru ne, tsohon malamin firamare da ƙungiyar ta ba riƙon sito bayan ya yi ritaya. Yana kwance rub da ciki, jini ya jiƙa masa ƙeya. Sababbin injinan ban ruwa guda biyu, waɗanda manoma arba'in suka shekara suna jira, babu su. Kusa da hannunsa na dama akwai guntun alli, irin wanda ba ya rabuwa da aljihunsa, da harafi ɗaya a kan siminti: C.

Kafin Sufeto Shamsuddeen ya iso daga Rano, an wuce da Malam asibiti Kano, bai san inda kansa yake ba. Mutanen gari kuma sun riga sun gama karatu. Sakataren ƙungiyar, wani mai suna Ɗanmalam, shi ya tari Sufeto a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ai Malam ya gama muku aiki. Cindo ne. Duk garin nan wa ke da wannan harafin in ba shi ba? Ga shi nan ɓaro-ɓaro a jikin motarsa ta a-kori-kura."

'Yan Hisba ne suka ƙwaci Cindo daga hannun matasa, suka miƙa shi ga 'yan sanda da leɓe a fashe. Sufeto ya zauna da shi a ofis da yammar ranar.

"Sunanka?"

"Munzali, ranka ya daɗe. Amma Cindo ake ce mini." Ya ɗaga hannun dama. Akwai ɗan ƙaramin yatsa na shida a gefe.

"Ka san injinan?"

"Ni na ɗauko su daga Kano ran Talata. Ni da Malam muka sauke."

"Ina kake tsakanin azahar da la'asar?"

"Hanyar Kibiya. Taya ta yi mini faci."

"Wa ya gan ka?"

"Allah ne ya gan ni."

A waje, matarsa Ramlatu na zaune a gindin darbejiya da goyo. Ta miƙe da ta ga Sufeto.

"Yallaɓai, an ce fashi ne, wai in aka kai shi gaban alƙali hannu da ƙafa za a cire. Da gaske ne?"

"Ba a kai can ba tukuna," in ji shi. Shekara huɗu ke nan da soma shari'a a jihar, kuma shugabansa ya riga ya ce jibi yake son a kai takardun kotu, don gari ya kwanta.

Da sassafe Sufeto ya koma siton shi kaɗai. Kwaɗon yana rataye a jikin ƙofa, a buɗe, ba a taɓa shi da ƙarfe ba. A bayan ginin ya tsugunna: sawun babur ne, ya nutse cikin yashi kamar an yi masa lodi, ya tafi ya dawo ya sake tafiya. Babu sawun mota ko ɗaya. Mai a-kori-kura ba zai yi sawu biyu a babur ba. Wannan bai isa ya wanke Munzali ba, amma ya isa ya sa Sufeto ya sake tsayawa a kan harafin.

Malam Haliru ya shekara talatin yana koyar da Turanci. A Hausa, harafin nan shi ne farkon Cindo da ciyawa. A Turanci kuwa ba shi da murya ɗaya: wani wuri ya fito kamar K, wani wuri kamar S. Sufeto ya tuna cewa kansila, a takardar gwamnati, da shi yake farawa. An kuma gaya masa Kansila Habu ya yi cacar baki da Malam a bainar jama'a, yana so a raba injinan ga mutanensa.

Ya same shi a sakateriyar ƙaramar hukuma.

"Ni da C?" Kansilan ya yi dariya. "A takarda haka ne, a bakin mutane kuwa K ce. Mun yi faɗa da Malam, ban musa ba. Amma shi ya koya mini rubuta sunana, Sufeto. Jiya tun hantsi muna taron majalisa har bayan la'asar. Mu goma sha biyu ne, tambayi wanda ka ga dama."

Sufeto ya tambayi uku. Duk bakinsu ɗaya.

Saura ciyaman na ƙungiyar, Alhaji Alu, wanda muƙaminsa da wannan harafin yake farawa ko a Hausa ko a Turanci. Shi ma bai daɗe a zargi ba: yana Durba wurin jana'izar yayarsa, shi ya shiga kabari ya karɓi gawa.

Da hantsi Sufeto ya yi sallama a gidan Malam. 'Yarsa Na'ima, ma'aikaciyar jinya, ta dawo daga Kano ɗaukar masa kaya. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure.

"Ya jikin nasa?"

"Yana numfashi da kansa. Bai buɗe ido ba."

"Me harafin nan yake nufi a wurin Baba?"

"Komai ma. Ni a wurin aiki, ma'aunin zafin jiki ne, ko sinadarin da ke cikin lemo. Shi kuma yakan ce a lissafin Rumawa ɗari ne. In ɗalibi ya ci jarrabawa tsaka-tsaki, shi yake ba shi." Ta gyara mayafi. "Amma abu ɗaya na sani, yallaɓai. Ba Munzali yake nufi ba."

"Me ya sa?"

"Baba bai taɓa ce masa Cindo ba. Cewa yake ba a yi wa mutum suna da halittar Allah. Ya sha yi mana faɗa a kai. Da shi yake nufi, M zai rubuta."

Sufeto ya rubuta wannan. "Jiya yaya ya fita?"

"Ya rufe sito da azahar kamar kullum, ya zo ya ci abinci. Masallaci ya nufa, ba sito ba. Ga mukullinsa can ma bai ɗauka ba."

Ta nuna ƙusa a bangon zaure. Sufeto ya miƙe ya sauko da mukullin. An ɗaure masa ɗan faifan gwangwani mai faɗin kwabo, an huda shi da ƙusa ɗigo-ɗigo har harafi ya fito: A.

Ya daɗe yana kallonsa.

"Mukullan siton guda nawa ne?"

"Uku. Baba ne ya yi musu alama da hannunsa."

Bayan azahar ya tara ciyaman da sakatare a bakin siton, da kurtu biyu a gefe.

"Alhaji, ina mukullinka?"

Alhaji Alu ya laluba aljihu ya miƙa. "Ga shi. Ban san me aka zana a jiki ba, ni ajami na iya."

B ce. Sufeto ya juya.

"Ɗanmalam, naka fa?"

Ɗanmalam ya zaro tarin mukullai tare da na babur ɗinsa, ya ware ɗaya. Sufeto ya sa shi a kwaɗon, ya murɗa, ya kulle, ya buɗe. Sannan ya ɗaga faifan a rana.

"Wane harafi ne wannan?"

"O ce, ranka ya daɗe. Ofis ke nan. Tunda ni ne sakatare."

"Malam ne ya yi?"

"Shi ne."

"Mutumin da ya shekara talatin yana koya wa yara A, B, sai ya yi tsalle ya faɗa O?"

"Haka ya ba ni."

"Alhaji, matso ka duba. Ba sai ka iya boko ba. Hudojin nan na hagu, wane launi ne?"

Dattijon ya kanne ido. "Sun yi tsatsa."

"Waɗannan huɗun na dama fa?"

"Suna ƙyalli. Sababbi ne."

Sufeto ya rufe hannunsa a kan mukullin. "Bari in gaya maka yadda aka yi, in na yi kuskure ka gyara mini. Ka san Malam ba ya dawowa sai bayan la'asar. Ka buɗe da mukullinka, ka bar shi a jikin kwaɗo, ka kai inji ɗaya, ka dawo ɗaukar na biyu. Malam zai wuce masallaci ya ga ƙofa a buɗe, ya duba kwaɗon, ya shiga. Kana bayan ƙofa. A ƙeya aka buge shi, bai ga fuskar kowa ba. Shi ya sa bai rubuta suna ba. Abin da idonsa ya gani ya rubuta, kuma shi kaɗai ya damu da haruffan nan. Da ka dawo cikin taro ka ga allin, kai kaɗai ka gane. Sai ka riga kowa karanta wa mutane, ka ba su Cindo."

"Ranka ya daɗe, ko wani ne ya ɗauki mukullin nawa..."

"Da ka bar shi yadda yake, da na saurari wannan. Wanda aka ɗauke wa mukulli bai san akwai abin da zai ɓoye ba. Kai ka zauna da ƙusa ka rufe bakin harafin."

Ɗanmalam ya dubi ciyaman, ciyaman ya kawar da kai. Ɗanmalam ya zauna a dokin ƙofa.

"Ban yi niyyar dukansa ba," in ji shi a hankali. "Juyowa zai yi."

Kafin magariba an ciro injinan daga ƙarƙashin karan dawa a wata gona a Kahu, inda Ɗanmalam ya ɓoye su yana jiran mai saye.

Sufeto da kansa ya buɗe wa Munzali ƙofa. Ramlatu ta durƙusa a inda take, ta kifa goshinta a ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Munzali ya sha ruwa kofi biyu, sannan ya tambayi ko an ji labarin Malam.

Washegari suka tafi Kano a motar Munzali, Sufeto a gaba. Malam Haliru ya farfaɗo tun asuba, kansa a naɗe da bandeji. Na'ima ta riga ta ba shi labari. Da ya ga Munzali, sai ya yi ƙoƙarin tashi, aka danne shi.

"Munzali, da hannuna na jefa ka. Ka yafe mini."

"Haba Malam. Ni ne zan gode, da ka mutu da wa zai ce ba ni ba ne?"

"Ga wanda ya ce," in ji Malam, ya nuna Sufeto da ido.

Sufeto ya bar su, ya fita baranda ya zauna a benci. Ya kwance igiyar takalminsa, ya jingina da bango, da niyyar ya huta minti biyar. Sai da Munzali ya taɓa kafaɗarsa ya ce an kira azahar, sannan ya farka.