Yatsu Biyu a Tsakiyar Tafki

A bakin Tafkin Atitlán muka yi faɗan, ni da 'yata Marcelina, tana sanye da kayan amarci.

"Tata, ka shiga jirgin ruwan mana..." Haka take kirana, wato Baba.

"Je ki yi aurenki. Ruwan nan ya ci matata, ba zan ƙara masa da kaina ba."

Ƙasa ta zaftare ta toshe hanyar mota, cocin da za a ɗaura auren kuma yana hayin tafkin, a Santiago, garin angonta Baltasar. Ta ce in ban shiga jirgin ba, ita ma ta fasa. Na san taurin kan, na uwarta ne. Baltasar yana gefe yana murza hula, kamar mai jiran hukunci.

Ta daɗe tana damuna da wani abu da ta koyo a wajen wata nas. Wai ka riƙa ƙwanƙwasa gira, da gefen ido, da haɓa, da saman ƙirji da yatsu biyu, kana faɗin abin da ke cin ranka, har mugun tunanin ya sake ka. Ni da na tsufa ina koyar da adabi, na ce mata ba mai ƙwanƙwasa kansa sai wanda ke shakkar ko da kowa a ciki.

Na shiga. Ba jarumta ba ce, tausayin hular yaron na ji.

Muna tsakiya iskar rana ta taso. Jirgin ya ɗaga ya faɗo, ruwa ya watso mana. Na damƙe benci. Abin da nake gani kullum ya dawo: mayafin matata Dominga yana yawo a kan ruwa, babu ita. Na jira Marcelina ta fara min wa'azin yatsu.



Na juya, sai na ga ta sandare, leɓunanta sun yi fari.

"Za mu nutse... ni na jawo ka... kamar Mama..."

Baltasar ya riƙe ta yana kiranta hasken idonsa, ba ta ji. Ya dube ni, ya kira sunana da laƙabin girmamawa.

"Don Eusebio, kullum sai tunanin nan ya zo mata. Don kanta ta koya. Ba ta so ka sani."

Na saki bencin. Na ɗora yatsu biyu a girarta, na fara.

"Faɗi, 'yar Tata. Tsoro nake ji, amma ga ni nan."

Ta maimaita da ƙyar. Gefen ido. Haɓa. Muka sake, muka sake, muryata da tata, har numfashinta ya fara daidaita.

"Tata..."

"Na'am?"

"Ido kake tsokane min."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Ni na kai ta gaban bagaden coci, takalmana a jiƙe, na sa hannunta cikin na Baltasar.

Washegari na tsaya a bakin ruwa, zan koma gidan da ba kowa. Mai jirgi ya ce in shigo. Na juya wa fasinjoji baya don kada su gani, na ɗaga yatsu biyu.