Ranar da Hannunsa Ya Washe

"Jini a fitsari? Tun yaushe?"

Likita ce ta yi tambayar, amma ni ya kalla, marinin nan nawa, yana ɓoye shuɗayen hannayensa cikin aljihu.

"Wata bakwai..."

"Da ciwo?"

"Ko kaɗan. Lokacin da na yi tsakuwar mafitsara har birgima nake a ƙasa. Wannan kuwa shiru."

Likita ta ajiye biro. Na sunkuyar da kai, domin tun farko ni ce na ce masa, "Haba masoyi, tunda ba ya ciwo ai guntun tsakuwa ne ke fita. Ka sha ruwa kawai." Ni, da bakin nan nawa!

"Jinin da ba ciwo shi muka fi tsoro," in ji ta. "Shekara nawa kana rini?"

"Sha takwas."

"Da safar hannu?"

Ya yi murmushi. "Marini da safa, likita? Ai da fata ake jin ko launi ya kama."

Bayan sati biyu sakamakon gwaji ya fito: ciwon daji ne a mafitsara, har ya yaɗu. Sinadarin rini ya yi ta bin fata da numfashi, yana taruwa a can.

Dama Mama ba ta taɓa son sa ba. Ranar da ya fara zuwa gaishe ta, ta dubi hannun ta taɓe baki. "Ranar da hannun nan ya washe, ya zo neman aurenki." Yayyena suka kwashe da dariya, shi ma ya taya su, sarkin haƙuri. Shekara uku muna jira.

Wata huɗu ya yi a gadon asibiti.

"Daina kuka, 'yar rigima," yake ce min. "Ke kika tsoma hannuna a bahon rini?"

"Ni na ce ka sha ruwa kawai..."

"To ai na sha. Miji mai biyayya tun kafin aure!"

Ina dariya, hawaye na zuba.

Ran wata Laraba, Mama ta shigo duba shi, karo na farko. Ya lallaɓa ya zaro hannayensa daga bargo, ya shimfiɗa su a gabanta.

Tas! Ko ɗigon shuɗi babu, har ƙarƙashin farce.

"Mama," ya ce da ƙyar, "sun washe. Na zo..."

Mama ta zube bakin gadon, ta rungume hannayen tana kuka.

"Na ba ka, ɗana! Wallahi na ba ka!"

Bai kai Juma'a ba.