Asabar ɗin da Auta Ba Ta Je Ba

A ƙarshen gari akwai wata ƙaramar unguwa. Mutanenta ba su da yawa, kuma suna da yarensu na kansu. Tsofaffinsu ba sa jin yaren cikin gari sosai.

A nan wata yarinya take zaune da iyayenta. Ita ce ƙarama a gidan, don haka kowa Auta yake ce mata. Tana jin yaren gida, tana jin na gari.

Duk ranar Asabar takan raka tsofaffi ƙaramin asibitin unguwa. Sai ta tsaya a gefen teburin nas. Tsoho ya faɗi abin da ke damunsa, ita ta fassara. Nas ta yi bayanin magani, ita ta mayar masa da yarensu.

Wata rana malamar ajinsu ta kira ta.

"Auta, akwai wata ƙungiya da ke ɗaukar nauyin karatun yaran ƙananan ƙabilu, waɗanda ke taimakon mutanensu. Na ba da sunanki, kuma sun ɗauke ki."

Auta ta ruga gida da gudu. Mama ta rungume ta tana hawaye. Baba ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Ki riƙe mutanenki."

Aka sa ta a babbar makaranta. Aka ba ta littattafai da sabuwar jaka.

Ran nan a aji ruwa ya zube mata a littafi. Ba ta san lokacin da ta yi magana da yarensu ba. 'Yan matan da ke kusa suka kwashe da dariya.

"Wannan kuma wane irin yare ne?" in ji ɗaya. "Kamar ana tauna tsakuwa!"

Auta ta sunkuyar da kai. Abin ya tsaya mata a rai. Ta ce a zuciyarta, in suka gan ni ina wannan yaren a asibiti fa?

Asabar ta zo. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wadda kowa ke kira Kaka, ta leƙo da sandarta. Tana fama da hawan jini.

"Ina ƙawar tawa? Tashi mu tafi, rana na yi."

Auta ta dubi ƙasa. "Kaka, yau muna da darasi a makaranta."

Ƙarya ce. Ta ɗauki jaka ta tafi gidan wata 'yar ajinsu, suka wuni suna wasa.

Kaka ta tafi asibiti ita kaɗai. Ranar kuwa nas ta canza mata magani. Na da sau uku ake sha a rana. Sabon ya fi ƙarfi, sau ɗaya ake sha. Nas ta yi ta bayani, har ta ɗaga yatsa ɗaya. Kaka ta gyaɗa kai. Ta zaci ana nufin ƙwaya ɗaya a kowane lokaci, kamar yadda ta saba.

Bayan 'yan kwanaki, Auta ta dawo daga makaranta ta tarar da mata tsaye a ƙofar Kaka. Kowa fuskarsa ba walwala.

"Mama, me ya faru?"

"Jiri ne ya kwashi Kaka a bakin famfo. Ta faɗi. An wuce da ita babban asibiti."

Ko kayan makaranta Auta ba ta cire ba, ta bi Mama.

Suka tarar da Kaka kwance, an ɗaure mata goshi. Likita yana tsaye yana ta tambaya, Kaka tana amsawa a hankali, ba wanda ya gane wani.

Auta ta matsa kusa. "Likita, ina jin yarenta."

"Madalla. Tambaye ta, sau nawa take shan wannan maganin?"

Auta ta tambaya. Da Kaka ta amsa, ta ce wa likita, "Sau uku."

Likita ya girgiza kai. "Sau ɗaya ne. Yawan shan ne ya kayar da ita. Allah ya taimaka an kawo ta da wuri."

A waje Auta ta fashe da kuka. "Mama, ba mu da darasi ranar nan. Kunya na ji. An yi wa yarenmu dariya."

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta dube ta kawai, ta ce, "Da wannan yaren na yi miki waƙa kina goye. Ba ni za ki ba haƙuri ba."

Auta ta koma ciki, ta durƙusa a gefen gado. Ta faɗa wa Kaka komai. Kaka ta lalubo hannunta ta riƙe.

"Na yafe miki, ƙawata. Amma ranar na yi ta duban ƙofa, ko za ki shigo."

Washegari Auta ta je wurin malamarta ta da. Ta ba ta labari, sannan ta ce, "Malama, za su karɓe tallafin ko?"

"Ban sani ba. Amma da bakinki za ki faɗa musu."

Suka tafi ofishin ƙungiyar tare. Shugabar ta saurare ta har ta gama.

"Yara masu ƙoƙari suna da yawa," in ji ta. "Mun zaɓe ki ne don kina tsaya wa mutanenki. Kin yi kuskure babba. To, yanzu me za ki yi?"

Auta ta yi tunani. "Zan koma asibiti. Kuma zan koya wa wasu yaran unguwarmu fassara, don ko ba na nan a sami wani."

Shugabar ta gyaɗa kai. "Je ki ci gaba da karatunki."

Auta ta cika alkawari. Ta tara yara a tsakar gidansu, tana koya musu sunayen ciwo da lokutan shan magani da yare biyu.

Kaka ta warke, ta dawo gida. Takan zauna a kan tabarma tana gyara musu in sun yi kuskure.

"Kai, wannan ba ciwon ciki ka ce ba, ciwon akuya ka ce!"

Yara su yi ta dariya, har da Auta.

Tun daga nan Auta ta gane cewa yarenta ba abin kunya ba ne. Kuma duk wanda aka taimaka masa ya yi karatu, bai kamata ya juya wa mutanensa baya ba.