Mugun Fim Ya Zo Neman Aure

"Wannan makashin?! Sai dai bayan raina!"

Kaka ta maka faranti da ƙasa, wainar idli ta watse a tsakar gida. Thenmozhi ta dafe ƙirji, idonta ya ciko da ƙwalla.

"Kaka, fim ne fa..."

"Fim ɗin gidanku! Da idona na ga ya sare ɗan mutane da adda!"

Duk aikin Sekar ne, ɗan kawunta da ya daɗe yana nacin sonta tana ƙi. Da ya ji saurayinta Ilango, ɗan wasan fim, zai zo neman aurenta, sai ya kwashi Kaka da yayanta Muthupandi ya kai su sinima. Fim ɗin 'yan daban birnin Madurai ne, Ilango kuwa shi ne mugun da ya kashe ƙanin jarumi.

Faɗan Kaka bai dame ta ba kamar shirun yayanta. Shi ya raine ta tun rasuwar iyayensu. Ƙaninsu Kumaran kuma a faɗan daba na gaske ya rasa ransa, yana kan hanyarsa ta wucewa.

"Yaya, ka ce wani abu mana..."

Ya kau da kai.

Da yamma sai ga Ilango cikin farin zane, ɗauke da tiren ayaba da kwakwa.

"Zumata, yaya ake ciki?" ya raɗa wa Thenmozhi a bakin ƙofa.

"Gudu, masoyi! Ga Kaka nan!"

Ina! Tsintsiya ta riga ta sauka a kafaɗarsa. Ilango ya ƙwalla ƙara, ya wuntsila sau biyu, ya miƙe samɓal a ƙasa.

"Wayyo, na kashe shi!" Kaka ta yar da tsintsiyar. "Ku kawo ruwa!"

Ya buɗe ido ɗaya.

"Kwantar da hankalinki, Kaka. Sana'ata ke nan, kullum kashe ni ake yi."

"Ja'iri!" Dariya ta ƙwace mata tana rufe baki da gefen sarinta.

Sekar ya matso. "Kun gani ko? Mayaudari ne, har..."

"Rufe mana baki," in ji Muthupandi. Ya tsaya a kan Ilango. "Lokacin da ka ɗaga addar nan, me ka ji?"

Ilango ya tashi zaune, wasan ya bar fuskarsa.

"Yaya, ranar ko loma ban iya kaiwa baki ba. Yaron sa'an ƙanina ne. Ana gama ɗauka na kira gida, sai da na ji muryarsa hankalina ya kwanta."

Thenmozhi ta ga hawaye na bin gashin bakin yayanta. Tun ranar da aka kai Kumaran makwancinsa ba ta ƙara ganin kukansa ba.

Ya miƙa wa Ilango hannu, ya ɗago shi, ya rungume. Sekar ya sulale, ko sallama babu.

Muthupandi ya ce, "Na ba ka ita. Amma in ka sa ta kuka, a gidan nan za a yi kashi na biyu na fim ɗin, kuma ni ne jarumin."

Watan Thai, watan aurarraki, na kamawa Ilango ya ɗaura mata zaren aure a wuya, ganguna na tashi. Kaka ce a sahun gaba, tana zungurar maƙwabciyarta.

"Kin gan shi? Duk Madurai tsoronsa ake ji. Ni kaɗai na taɓa kai shi ƙasa!"