Ha Ƙarami a Cikin Toka

"Naman mene ne wannan?"

Zuliha ta ɗago ta dubi surukarta mai tambayar. Wata bakwai da aurenta, yau ce rana ta farko da Inna Fatsuma, mahaifiyar mijinta Munzali, ta taho daga Kwandiko ta zauna a ɗakin Zuliha a Birnin Kudu. Dama tun kafin biki Inna ke cewa 'yar boko ba ta san abin da take zubawa a tukunya ba.

"Na gwangwani ne, Inna... na kaza."

"Kaza a gwangwani, ba ƙashi ba fata?"

Ita kuwa Zuliha, baiwar Allah, tun da safe take fama. Nama ya yi tsada, sai ta yanka na gwangwanin da Munzali ya sayo a Kano sirara-sirara, ta soya da albasa da attaruhu, ta cusa a tsakiyar burodi, ta danne a kasko da murfin tukunya har ya yi ja. Ƙamshi har zaure. Ga shi yanzu yana hucewa a faranti, ba wanda ya taɓa.

"An ce irinsa da alade ake yi," in ji Inna. "Kai Munzali, ka duba da ka saya?"

Gogan naka ya hau sosa ƙeya. "Wallahi Inna... araha na gani."

Zuliha ta dube shi kamar ta fashe da kuka. Ko ɗan rufa mata asiri!

"Akwai halal a jiki, da Larabci," ta ce.

"To kawo in gani. Boko ne ban yi ba, allo kam na wanke."

Nan ne Zuliha ta tuna. Takardar jikin gwangwanin ai da ita ta hura gawayi!

Ta ruga madafa ta durƙusa gaban kurfoti, tana tona toka da hannu. Munzali ya biyo ta.

"Zuly, masoyiyata, za ki ƙone..."

"Ƙyale ni! In ta tashi ba ta ci ba, har abada ba za ta ci girkina ba."

Ɗan guntu ta samu, bai kai farce ba. Ta kai wa Inna da hannu biyu.

Inna ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana dubawa.

"Ha ƙarami ne kaɗai ya rage. Halal da shi ta fara, haram ma da shi."

Hawaye ya zubo wa Zuliha.

"Sauran baƙaƙen ke kin gan su?"

"Na gani, Inna. Sau biyu na karanta kafin in buɗe. Ba zan ba ɗanki haram ba, balle ke."

Inna ta ajiye guntun takardar. Yatsun yarinyar take kallo, sun yi jawur, ɗaya har ya tashi.

Can ta miƙa hannu ta ɗauki burodin, ta yi bisimilla, ta gutsura. Munzali ya saki numfashi.

"Ya huce," ta ce tana taunawa. "Kai mai araha, tashi ka ɗumama mana. 'Yata ba za ta koma gaban wuta da wannan hannun ba."